Kafin Ku Haye Binuwai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Bande, zuwa ga baban Balki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Rakiya da 'yar amaryata Balki, ina roƙon Allah Ya tsare ku a wannan tafiya da kuka sa gaba, Ya sauƙaƙa muku hanya, Ya kai ku lafiya, Ya sa ku tarar da alheri a inda za ku.

Na san za ka yi mamaki. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da naka, ko tari na yi kana ji, amma ga ni ina aiko maka da takarda kamar wanda yake Makka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne a gare ka. Kai ne ɗana na fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. In ina nemanka sai in ce da wani, "Ina yaron nan?" Haka na tarar ana yi, haka na yi. Amma maganar da ke raina yanzu ba ta aike ba ce, kuma in na ce zan faɗa maka ido da ido na san bakina zai yi nauyi, in ƙare da tambayarka kuɗin harawa. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da hauya.

Ban hana ka tafiya ba, kuma ba zan hana ka ba. Gonar da na gada ta yi mana kaɗan, kai ma ka sani. In aka sake yanka ta tsakaninka da ƙannenka, abin da kowa zai samu bai fi wurin shanya wake ba. Tunda kawunka Sale ya samo maka ƙasa a hayin Binuwai, wajen Ibi, ka je ka noma, Allah Ya sa albarka. Abin da ke hana ni sakewa ɗaya ne. Za ka ɗauki mace da 'ya ƙarama da bijimai biyu na huɗa ka bi hanyar da na bi, ka shiga jirgin fito a mashigar da na shiga. Ni ma da mace da ɗa ƙarami da bijimai biyu na je, kuma saura ƙiris in dawo babu kai.

An sha gaya maka cewa ka taɓa faɗawa kogi kana yaro saboda ƙiriniya. Ni na fara faɗin haka, kuma ba haka aka yi ba. Bari in bi maka abin daki-daki, don kowane kuskure da na yi shi ya haifi na gabansa.

Na farko tun ban bar gida ba na tafka shi. Lokacin bazara ne, zafi ya yi zafi, ko alamar hadari babu a Bande. Na ɗaga kai na dubi sama, na ce ai da sauran lokaci, bari in gama kai taki gonar babana tukuna. Akwai wani dattijo, Malam Gambo, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi fatauci kudu a ƙuruciyarsa. Ya same ni a bakin masallaci ya ce, "Audu, in tafiyar nan za ka yi, ka tashi yanzu. Can ruwa ya sauka tuni." Ni kuwa a lokacin bakina ya fi hankalina sauri. Na ce, "Malam, ruwan da bai iso Bande ba, a ina ya tsaya hutawa?" Mutane suka yi dariya, na ji daɗi, na zaci na yi magana. Sai da muka wuce Jos na ga ciyawa kore har gwiwa, na tuna da shi. Da muka isa, kogi ya cika ya batse.

Don haka kada ka auna Binuwai da sararin Bande. Daminarsu tana riga tamu da nisa. Kai da waya a aljihunka, wadda ni ban samu ba. Ka kira kawunka kafin ka ɗaure kaya, ka tambaye shi yadda ruwa yake, ka tambaye shi lokacin da masu fito suke tashi daga aiki. In kana son labarin hanya, ka nemi shofer, wato direban da ya dawo cikin makon nan, ka rabu da masu ba da labari a teburin mai shayi, yawancinsu Kano ma a bakin mutane suka san ta.

Na biyu a kan iyakar ƙasa ne, gaba da Magariya. Ni mutum ne mai raina takarda, har yanzu ma ban gama warkewa ba. Na ɗauki katin shaidata, ban yi wa mahaifiyarka nata ba, ban kuma nemi takardar allurar shanu ba. Na ce ai ƙafa ɗaya muke nan ɗaya can, rabin danginmu a Najeriya suke, wa zai tambaye ni? Aka tambaye ni. Ma'aikatan ba su zalunce ni ba, aikinsu suka yi. Sai da na koma Magariya na nemo abin da ya kamata in nema tun farko, ku kuna zaune a gindin wata bishiyar bedi, shanu kuwa suna tsaye cikin kamiyo, babbar motar kayan da ta ɗauko mu, rana tana dukansu. Yini guda ya tafi a banza. Kai ka je ka gama da takardunka tun yanzu, naka da na Rakiya da na haihuwar Balki da na shanu, ka sa su a leda, ka sa ledar a jikinka. Kada ka bari sai ranar tashi.

Yinin nan da na ɓatar shi ya sa mini gaggawa, gaggawar kuma ita ce kuskurena na uku. Na zauna kusa da shofer ina zuga shi. In ya ce a tsaya a huta, sai in ce mu ƙara gaba kaɗan. Mahaifiyarka tana baya da kai a cinyarta. Da muka tsaya shan mai a wani gari, ta sauko ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, a ba dabbobin nan ruwa mana. Dubi cikinsu. Yaron nan ma ya galabaita." Na ce, "In mun isa." Ta ce, "To." Ka san halinta, ba ta maimaita magana. Da ta maimaita ma ba na jin zan saurara, don a ganina mace da ba ta taɓa wuce Waca da ke nan kusa da mu ba me ta sani game da hanya? Na manta ni ɗin ma ban taɓa wuce Kano ba.

Ka yi magana da mai motar tun kafin a ɗora kaya, ku daidaita cewa za a riƙa tsayawa ana sauke shanu suna sha, suna miƙe ƙafa. In bai yarda ba, ka nemi wani. Ku raba tafiyar, ku kwana inda kuke da mutane, ku shirya yadda za ku isa bakin kogi da hantsi, ido na ganin ido, ba da yamma ana rige-rigen jirgin ƙarshe ba. In Rakiya ta ce a tsaya, a tsaya. Wanda yake baya da yaro a cinya yana ganin abin da na gaba ba ya gani.

Mu da la'asar sakaliya muka isa. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ni da babban ruwan da na sani shi ne tafkin bayan gari, wanda yara ke wanka a ciki ya ƙafe kafin sanyi ya wuce, sai ga ruwa shimfiɗe, ɗaya gaɓar can da ƙyar ake hango bishiyoyinta, kuma tafiya yake yi, ja wur, yana ɗauke da itatuwa. Na ji tsoro ƙwarai, kuma don kada a gane sai na hau faɗa da kowa, da shofer, da masu dako, da mahaifiyarka. Motar a nan za ta juya, mu kuma mu shiga jirgi da shanu da kaya. Jirgin katako ne mai faɗi da inji a bayansa, ya riga ya ɗauki mutane da buhuna da babura, kuma an ce daga shi babu wani sai gobe.

Mai fiton ya dubi bijiman nan, jan muna ce masa Jatau, baƙin kuma Ɓaleri. Ya ce, "Mai shanu, sun sha ruwa?" Na ce, "Sun sha." Ƙarya na yi, amma ka ji abin da ke kaina. Mu a nan sa ba ya shan ruwa sai an ja guga an zuba masa a kwami. Ya saba jira, mu ma mun saba sa shi jira, in bai sha da safe ba ya sha da yamma. Kuma tun muna yara ake ja mana kunne kada mu bar dabba ta sha baƙon ruwa, don ciwon hanta. Na ce a raina, ga rijiyar gidan Sale can a hayi, me zai sa in ba su wannan jan ruwa? Ban taɓa tunanin abin da sa mai ƙishirwa zai yi ba in aka tsayar da shi a kan katako, ruwa ta gabansa, ruwa ta bayansa, yana jin ƙanshinsa.

Muka shiga. Na tsaya a tsakiya, igiyar Jatau a hannun dama, ta Ɓaleri a hagu. Mahaifiyarka ta zauna a kan buhu ta rufe ido tana salati, don ita ma tsoron ya kama ta. Kai kuwa ko a jikinka. Ka zame daga gefenta ka je ka tsuguna kusa da bakin jirgi kana kallon kumfa. Ba ƙiriniya ba ce, kowane yaro haka zai yi.

Muna kaiwa tsakiya Jatau ya miƙa wuya. Ya ja, na ja. Ɓaleri ya ga haka shi ma ya bi. Nauyinsu ya koma gefe guda, jirgi ya karkata, mata suka sa salati, mai fito yana ihu a riƙe shanu. Na kafa ƙafa na riƙe iya ƙarfina, igiya tana yanka mini tafi. A nan na hango ka. Gindin Jatau yana juyowa wajenka, kai kuma ka ba shi baya. Da ka taso ka yi taku kaɗan zuwa wajen uwarka, shi ke nan. Akwai lokaci, wallahi akwai. Ba zan iya sakin igiya ba, in na saki duka jirgin zai kife. Abin da ya rage mini murya ce kawai.

Na buɗe baki, sunanka ya zo har kan harshena ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai! Kai yaro!" Duk wani namiji da ke cikin jirgin ya waiwayo, ban da kai. Don me za ka waiwayo? Inji yana ruri, kowa yana ihu, kuma tun da kake ba ka taɓa jin muryata tana kiranka ba. Ba ka san ta ba. Mahaifiyarka ta buɗe ido, ita ma abin da ta iya cewa shi ne, "Wayyo, yaron nan!" Jatau ya juya ya ture ka, na ga ƙafafunka a sama, na ga ruwa ya rufe ka.

Wata mata ce mai sayar da kifi, 'yar mutanen bakin kogin, tana zaune daf da wurin. Ta kwanta rub da ciki ta zura hannu har kafaɗa, ta damƙo wuyan rigarka, wasu suka riƙe ƙafafunta, aka jawo ku. Jatau kuwa ya fizge ya faɗa ruwa, ya sha iya shansa, ya yi iyo ya fita can ƙasa da mashiga, ko kunya babu. Faɗawarsa ce ma ta sa jirgin ya daidaita.

Da muka sauka aka kwantar da kai a kan rairayi, ka amayar da ruwa, ka fashe da kuka. Matar nan ta zo ta tsaya a gabana, zanenta sharkaf, tana haki. Hausarta ba ta nuna sosai ba. Ta ce, "Baba, yaro naka ne?" Na ce nawa ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shi ba shi da suna?" Ko godiyar kirki ban yi mata ba, ban tambayi sunanta ba, ta ɗauki kwandonta ta tafi. Har yau in na yi salla ina sa ta a addu'a, ina cewa matar nan mai kifi, Allah Ya san wadda nake nufi.

Da kawunka ya tambayi abin da ya faru, na ce, "Ƙiriniya ce ta yara." A kan kunnen mahaifiyarka na faɗi haka. Muka yi 'yan shekarunmu a can, ciwon babana ya dawo da mu gida. Ka ce ko abin ya koya mini hankali? Muna dawowa Bande na koma yadda nake. Na ji kunyar a ce Audu ya je kudu ya dawo yana kiran ɗan fari kamar wanda bai san gida ba. Ka girma, ka yi lakwal, wato karatunka na boko, ka yi aure, ina ta "yaron nan". Sau ɗaya tak mahaifiyarka ta taɓa tayar da maganar, ranar sunan Balki, bayan baƙi sun watse. Tana tattara kwanuka ta ce, "Malam, ranar nan da ɗayanmu ya buɗe baki, da bai sha ruwan nan ba." Na ce, "Allah Ya riga Ya kiyaye." Ta ce, "Ya kiyaye kam." Ba mu ƙara ba. Wannan shi ne kuskurena mafi girma, ya fi na jirgin, don na jirgin cikin ƙiftawar ido aka yi shi, wannan kuwa kullum nake sabunta shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani ranar kasuwar da ta wuce. Kana ɗaura wa sa amalanke a ƙofar gida, hannunka biyu a kan igiya, Balki ta zagayo ta tsaya a bayan ƙafarsa tana wasa da bindinsa. Na ji ka ce, "Kai, ku janye yarinyar nan!" Ita kuwa ko gezau, sai da ƙanwarka Hinde ta rugo ta ɗauke ta. Muryata na ji a bakinka. Ni in na ce, "Balki, matata, zo nan," da gudu take zuwa ta ja mini gemu ta ce ba ta son tsoho sai na ba ta alewa. Muryar kakanta ta sani, ta ubanta ba ta sani ba, don ita ma 'yar fari ce. A cikin jirgin kuwa babu ni, babu Hinde.

To ga abin da nake so ka yi. In kun isa bakin ruwa, ka fara shayar da shanu, ka bar su su sha har su ɗauke kai da kansu. Ciwon hanta yana da magani. Ka taƙaita musu igiya, ka nemi wani ƙaƙƙarfa ya riƙe maka ɗaya, kada ka cika hannunka biyu kamar yadda na yi. Abin da mai fito ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya, wurin da ya ce ka tsaya, ka tsaya. In ka ga jirgi ya cika, ka bar shi ya tafi, ko da za ku kwana a gaɓa. In suna ba da rigar nan da ke hana nutsewa, ku sa, kada ka ce ai kai namiji ne. Ka tuɓe babbar riga ka naɗe. Rakiya ta zauna a tsakiya nesa da shanu, ta goya Balki ta ɗaure tam, ko tana kuka, ko tana cewa ita ta girma.

Duk wannan dabara ce, kuma dabara takan kuɓuce. Goyo yakan kwance, yaro yakan zame. Saboda haka ka kira 'yarka da sunanta. Kada ka jira sai a kan ruwa, a ranar muryar ba za ta fito ba, na gwada. Ka fara tun a mota. In kana jin nauyin mutanen Bande, ka bari ku wuce Magariya, daga can babu wanda ya san ka balle ya yi da kai. Ka ce, "Balki, ga ruwa." Ka ce, "Balki, dubi dutse." Ka yi ta yi har ya zama da ka kira ta juyo. Ban ce kunya banza ce ba. Iyayenmu mutanen kirki ne, kuma da ita suka riƙe gida. Amma kogi bai san ɗan fari ba, kuma ni ban ga abin da kunyata ta ƙara maka ba sai ruwan da ka sha.

Saura abu ɗaya. Jiya na je gona ni kaɗai, babu kowa sai kara da tumaki, na tsaya na gwada kiran sunanka. Da farko ya ƙi fita. Na sake, ya fito kamar na mai mura. Na yi ta yi har tumakin suka ɗaga kai suna kallona. Ranar da za ku tashi zan zo tasha, zan tsaya inda dattawa ke tsayawa, ba zan ce komai ba, ka san ni. Amma in mota ta fara motsi zan kira ka, a gaban kowa, wanda zai yi dariya ya yi. Wataƙila muryar ba za ta yi ƙarfi ba, kuma ba ka san ta da wannan aiki ba. Shi ya sa nake gaya maka tun yanzu, don ka kasa kunne. In ka ji, ka waiwayo.

Ka gai da kawunka Sale, ka ce ina nan ina tuna alherinsa. Mahaifiyarka tana sa muku albarka, ta ce a gaya wa Rakiya kada ta manta da zanen goyo mai ƙarfi. Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya tsare ku a kan tudu, Ya tsare ku a kan ruwa, Ya haye da ku lafiya kai da iyalinka da dabbobinka. Ya ba ka damina mai albarka, Ya sa in sake ganinku da idona. In kuma ban gan ku ba, ka yafe mini, ni na yafe maka duniya da lahira.

Allah Ya yi maka albarka, Haruna.

Wassalam.

Mahaifinka,
Audu